Kafin a Kai Dokar Fansho Majalisa: Shawara ga Wakilan Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi

Shekara 35 na yi ina aikin ƙaramar hukuma. Na kama aiki ina akawu a sashen kula da ma'aikata, cikin ɗakin fayil mai ƙura da warin tsohuwar takarda, na kuma yi ritaya ina shugaban wannan sashe. A tsakani na zauna a kwamitin da aka ɗora wa gyara dokar fanshon jiharmu, a kujerar ƙananan hukumomi. Kwanan baya wasu matasan shugabannin NULGE, ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, suka same ni a ƙofar gida bayan la'asar, suka ce: "Baba, jiharmu za ta sake dokar fansho, an ba mu kujera biyu a kwamiti, ta ina za mu fara?" Muka yi ta magana har aka kira magariba ba mu gama ba. Abin da na faɗa musu da wanda lokaci bai bari na faɗa ba, su na haɗa a nan, domin na san ba su kaɗai ke da wannan tambaya ba.

Ku fara da sanin inda ƙafarku take tsaye a doka, don kada wani ya ce muku fansho alfarma ce. Sashe na 210 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce haƙƙin fansho da giratuti na ma'aikacin jiha doka ce za ta tsara shi, ba a riƙe shi ko a sauya shi ta yadda zai cutar da mai shi sai a iyakar abin da doka ta halatta. Sashen ya ce a sake duba fansho duk bayan shekara 5, ko duk lokacin da aka sake albashin ma'aikata, wanda ya riga zuwa, kuma ba a cire haraji a fansho. Idan aka ce muku ai wannan na ma'aikatan jiha ne, ku buɗe sashe na 318, inda aka fassara aikin gwamnatin jiha: ma'aikatan majalisun ƙananan hukumomi suna ciki. Ku kwafi sassan nan biyu ku sa a aljihu duk ranar zaman kwamiti.

Sai Dokar Gyaran Fansho ta tarayya. An fara yin ta a 2004 zamanin Obasanjo, aka sake ta a 2014 zamanin Jonathan. Ta ambaci jihohi da ƙananan hukumomi, amma a aikace ba ta fara aiki a kanku sai majalisar dokokin jiharku ta yi tata. Shi ya sa Legas ta yi tata a 2007, Kaduna ta yi sabuwa a 2016 ta fara aiki da ita a farkon 2017. Shugaban ƙaramar hukuma da kansilolinsa ba za su kafa muku tsarin fansho da dokar majalisarsu ba, domin ma'aikatan da ke mataki na 07 zuwa sama suna hannun Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ta jiha, yau mutum yana wannan ƙaramar hukuma, baɗi an mayar da shi wata. Ni kaina a ƙananan hukumomi huɗu na yi aiki. Dole tsarin ya zama ɗaya ga jiha duka, dokar kuma ta fito daga majalisar jiha.

To amma kafin a rubuta ko layi ɗaya na ƙudurin doka, akwai aikin da kowa ke gudu: ƙidayar ma'aikata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk lissafin fansho a kan abu uku yake tsaye, ranar haihuwa, ranar kama aiki, da matakin albashi, kuma a ƙananan hukumomi waɗannan ukun su ne suka fi lalacewa. Na taɓa buɗe fayil ɗin wani mai gadin asibitin ƙauye na tarar da ranar haihuwa uku: ɗaya a takardar neman aiki, ɗaya a takardar rantsuwar kotu, ɗaya a fom ɗin ƙarin girma. Ba ha'inci ya yi ba, bawan Allah ba ya karatun boko, duk akawun da ya cike masa takarda sai ya dube shi ya ƙiyasta shekarunsa. Da ya zo ritaya, wata tara fayil ɗinsa na yawo daga tebur zuwa tebur, shi kuma yana zuwa a kan keke duk Litinin ya zauna a gindin darbejiyar sakatariya. Har yau idan na tuna zamansa a wurin nan sai raina ya ɓaci, domin gyaran da ya ci wata tara aikin yini ɗaya ne da an yi shi tun yana bakin aiki.

Saboda haka ku nemi a yi tantancewa ta ido da ido a kowace sakatariya, mutum ya zo da kansa da takardar ɗaukarsa aiki, da ta tabbatar da shi, da ta ƙarin girma ta ƙarshe, da lambar NIN da ta BVN. A tsayar da ƙa'ida ɗaya wadda ba ta da ɗan gida: ranar haihuwar da mutum ya bayar ranar da ya kama aiki ita ce ranar haihuwarsa. A ɗauki hoton takardun a zuba a kwamfuta, kwafi ɗaya a ƙaramar hukuma, ɗaya a hukumar fansho. Kada a manta da ƙananan ma'aikata na mataki na 01 zuwa 06, masu shara da masinjoji da direbobi da masu gadi, domin su a ƙaramar hukuma ake ɗaukarsu, kuma fayil ɗinsu ne ya fi ɓata. Kada kuma a manta da malaman firamare da ma'aikatan lafiya a matakin farko. A yawancin ƙananan hukumomi malamai su ne kaso mafi tsoka na albashi, don haka wakilan ƙungiyar malamai ta NUT da na ƙungiyar ma'aikatan lafiya su zauna tare da ku tun ranar farko. Akwai kuma dokar tarayya ta 2022 da ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki, alhali sauran ma'aikata suna kan 60 ko 35. Ku tabbatar da matsayin jiharku a kan wannan, a rubuta shi ɓaro-ɓaro, domin shekara biyar ba ƙaramin abu ba ce a lissafin asusu.

A wurin tantancewar nan za a ci karo da ma'aikatan bogi da matattun da albashinsu bai mutu ba. Kada ƙungiya ta kare su. Kowane suna na bogi, wata rana zai zama ɗan fansho na bogi, kuma daga tukunyarku zai ci.

Bayan an san yawan mutane, sai a zaɓi tsari. Hanya biyu ce a gabanku, kuma dukansu ana bin su a Arewa.

Ta farko ita ce irin ta tarayya: kowane ma'aikaci da asusunsa na kansa a kamfanin kula da fansho, wato PFA, wanda shi ya zaɓa. Dokar 2014 ta ce aƙalla ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin 100, mai ba shi aiki ya zuba kashi 10. A ce albashin da ake lissafi a kai naira 100,000 ne, duk wata 18,000 za ta shiga asusunsa, a riƙa juya ta. Kuɗin ba a hannun PFA suke zama ba, suna wurin wani kamfanin ajiya daban da ake kira PFC, Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, tana sa ido a kan duka biyun. Ranar ritaya abin da ya taru shi ne naka: a ba ka wani kaso a dunƙule, sauran a riƙa biyanka wata-wata, ko ka sayi fanshon rai-da-rai a kamfanin inshora. Kyawunta shi ne da zarar kuɗi sun shiga, babu gwamnan da zai iya taɓa su, kuma mutum yana ganin abin da ya tara a wayarsa. Tun 2020 ma yana iya sauya kamfani sau ɗaya a shekara idan bai gamsu ba. Ga masu ƙyamar kuɗin ruwa, waɗanda su ne mafi yawa a cikinmu, a cikin rukunonin da PFA ke juya kuɗi an buɗe wanda ake kira asusu na shida, wanda ba a zuba shi a harkar ruwa. Ku sa a dokar cewa ma'aikaci yana da damar zaɓarsa, domin wannan tambaya ce za ta fara fitowa a duk taron wayar da kai. Rauninta kuma shi ne mai ƙaramin albashi ƙaramin abu zai tara, hauhawar farashi kuma ba ta jiran kowa.

Ta biyu ita ce wadda Jigawa ta fara a 2001 zamanin Saminu Turaki, tun kafin tarayya ta yi tata, wadda mutanen can ke kira adashin gata. Ma'aikaci yana zuba kashi 8, gwamnati kashi 17, a tukunya ɗaya da ta haɗa jiha da ƙananan hukumominta 27, amma ranar ritaya ba abin da ka tara ake ba ka ba, da shekarun aikinka da albashinka na ƙarshe ake lissafi. Kano ta ɗauki irin wannan hanya a 2006 zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Don ku gane bambancin, ga tsohon jadawalin da muka saba da shi: mai shekara 10 yana samun giratuti na albashin shekara ɗaya da fansho kashi 30, duk shekara ana ƙara kashi 8 a giratuti da kashi 2 a fansho, har a shekara 35 ya kai kashi 300 da kashi 80. Wanda ya bar aiki yana karɓar 100,000 a wata, wato 1,200,000 a shekara, zai tashi da giratutin 3,600,000 da fanshon 80,000 duk wata har ƙarshen ransa.

Idan kun tambaye ni, ga mai shara da malamin firamare na ƙauye, zuciyata ta fi karkata ga adashin gata, domin ya san abin da zai samu, kuma tukunyar gama-gari tana ɗaukar nauyin mai rauni. Amma da sharaɗi mai nauyi. Tukunya ɗaya mai cike da biliyoyi a kusa da gwamnatin da ke neman kuɗin aiki, ajiyar nama ce a wurin kura. Idan ba za ku iya samun sassan da zan ambata yanzu a cikin dokar ba, to ku zaɓi asusun kowa-da-nasa, ya fi muku aminci.

Nan ne zuciyar dokar, kuma nan na fi so ku kafe: ta wace hanya kuɗi ke bi daga albashi zuwa asusu? Duk jihar da fanshonta ya durƙushe, ku bincika, ba rashin doka ba ne. Ana cire kashi 8 a albashin ma'aikaci, yana gani a takardar albashinsa, amma kuɗin ba su isa asusu ba, kason gwamnati kuwa sai "in an samu sarari". Na ga wannan da idona. A wata ƙaramar hukuma da na yi aiki, wata goma sha ɗaya ana cira ba a turawa, an yi hidimar salla da su, an yi gyaran motoci da su, kowane wata da uzurinsa. Ma'ajin ba ɓarawo ba ne, umarni ake ba shi, dokar kuma ba ta ba shi abin da zai kare kansa da shi ba.

Don haka dokar ta ce a cire kason ma'aikaci da na gwamnati tun daga tushe, kafin a raba komai, tare da albashi, a matsayin abu na farko da za a biya. A da wurin yin wannan shi ne zaman kwamitin rabon asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, asusun da sashe na 162 na Kundin Tsarin Mulki ya kafa. Amma ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Ko an fara aiki da hukuncin a jiharku ko ba a fara ba, ku rubuta dokar yadda za ta yi aiki ta kowace fuska: idan kuɗi sun bi ta asusun haɗin gwiwa, a cire a can, idan sun faɗo asusun ƙaramar hukuma, to akwai umarnin dindindin ga banki, wanda shugaba ba zai iya janyewa ba, cewa ranar da aka saki albashi ranar za a tura na fansho. Jihar da ba ta yi wannan gyara ba za ta wayi gari hukumar fanshonta tana bin shugabanni 20 ko 30 ko 44 ɗaya bayan ɗaya da roƙo.

A sa wa'adi da tara. Dokar tarayya ta ba da kwana 7 na aiki bayan biyan albashi, wanda ya saɓa kuma ya biya tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na abin da ya riƙe ba a kowane wata. Ku kwafi wannan, ku ƙara cewa jami'in da ya sa hannu aka karkatar da kuɗin shi da kansa zai amsa a kotu, ko ya bar kujera. Wannan sashe gata ne ga ma'aji, domin ranar da aka ce masa ya taɓa kuɗin zai buɗe dokar ya ce: "Ranka ya daɗe, ni za a ɗaure." A kuma haramta wa gwamnati cin bashi daga asusun, a haramta wa hukumar gina gidaje ko kasuwa ko shiga kwangila da kuɗin. Ko adashin gata kuka zaɓa, a damƙa juya kuɗin ga kamfanoni masu lasisin PenCom, ajiyar kuma a wurin PFC. Ɗan fansho kuɗi yake bukata a ƙarshen wata, ba za a yanka masa katangar gida ya kai kasuwa ba.

Sai tsohon bashi, wanda gwamnatoci ke son a yi shiru a kansa. Ranar da sabuwar doka ta fara aiki, akwai mutumin da ya riga ya yi shekara 20. A tsohon jadawali ya cancanci giratutin kashi 180 da fanshon kashi 50. Wa zai biya wannan? A ɗauko ƙwararrun lissafin fansho, waɗanda ake kira akcuwari, su ƙididdige haƙƙin kowane mutum da sunansa, a ba shi takardar shaida ya riƙe. A buɗe asusu na musamman na biyan wannan bashi. Tarayya ta ware kashi 5 cikin 100 na jimillar albashi duk wata don haka, kuma ko ita da ta yi sakaci da zubawa, masu ritaya sun riƙa jiran fiye da shekara kafin a biya su. Waɗanda ya rage musu shekara 3 ko ƙasa da haka, a bar su a tsohon tsari kamar yadda dokar tarayya ta yi. Tsofaffin 'yan fansho da ke bin giratuti kuwa, a jera su bisa ranar ritaya, a manna jerin a bangon sakatariya, a riƙa biya daga sama zuwa ƙasa. Jerin da ke manne a bango shi ke kashe sana'ar masu cewa "kawo kaso in fitar maka da fayil".

Hukumar da za ta riƙe tsarin kada ta cika girma. Shugaba da babban sakatare masu sanin harkar kuɗi, wakilin ma'aikatar ƙananan hukumomi, na ma'aikatar kuɗi, na shugabannin ƙananan hukumomi, sai NULGE da NUT da ma'aikatan lafiya da ƙungiyar 'yan fansho, kowa da ƙuri'arsa. A ba su wa'adi tsayayye, cire su kuma sai da dalili da amincewar majalisa. Kuɗin gudanar da ofis daga kasafin gwamnati za su fito, ko a ƙayyade musu iyaka a doka. Babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi ya duba littattafansu duk shekara, akcuwari kuma ya sake auna asusun duk bayan 'yan shekaru da aka ambata a dokar, domin kashi 25 irin na Jigawa, wato 8 da 17, da ya isa jiya ba lallai ya isa ba bayan an kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024. A kowace sakatariya a ajiye jami'in fansho guda, don kada tsoho ya riƙa hawa mota zuwa babban birnin jiha saboda sa hannu ɗaya.

Kada ku bar maganar mamaci a baya. Dokar tarayya ta wajabta inshorar rai ta ma'aikata, wadda ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, ga wanda ya rasu yana bakin aiki. Ku sa ta, ku kuma sa cewa idan gwamnati ba ta biya kuɗin inshorar ba, ita za ta biya magada daga aljihunta. A fayyace cewa wanda ma'aikaci ya rubuta a fom a matsayin makusancinsa wakili ne kawai, kuɗin na magada ne, kotu za ta raba bisa shari'ar da ta hau kan mamacin. Na sha ganin gida ya rabu biyu a kan wannan, uwargida da amarya kowa da takardarta, marayu suna tsakiya. Duk shekara a ba ma'aikata dama su sabunta wannan fom.

In ƙudurin ya isa majalisa, ku nemi zaman jin ra'ayin jama'a, ku je da 'yan fansho na gaske su yi magana da bakinsu. Ku nemi a fassara dokar da Hausa, a karanta ta a rediyo. Ku karanta kwafin ƙarshe kafin gwamna ya sa hannu, layi bayan layi, domin tsakanin kwamiti da zauren majalisa kalmar "dole" takan koma "ana iya", sashen tara kuma yakan ɓace. A namu kwamitin sai da muka koma sau biyu a kan kalma ɗaya tak.

Ranar da aka biya albashin farko a ƙarƙashin sabuwar doka, ku ƙirga kwana bakwai na aiki. A rana ta takwas sakataren ƙungiya na kowace ƙaramar hukuma ya je wurin ma'aji ya karɓi kwafin shaidar tura kuɗi, ya gwada ta da jadawalin albashi, ya aika wa uwar ƙungiya. Idan asusun kowa-da-nasa ne, a zaɓi mutum goma daga sassa daban-daban, har da mai shara da malamin ƙauye, a duba wayoyinsu a ga ko saƙon shigar kuɗi ya zo. Inda bai zo ba, a rubuta wa hukumar fansho takarda a ranar, a ajiye kwafi mai hatimin karɓa. Wata mai zuwa a sake yin haka.